Ƙasar Gobir a Matsayin Wurin Hutu da Yawon Buɗe Ido

Kowace shekara ma'aikacin gwamnati yana da hutunsa, ɗalibi kuma yana da nasa har sau biyu ko sau uku. Amma in an bi diddigin yadda ake cin wannan hutu a ƙasar Hausa, sai a tarar yawanci bai wuce mutum ya koma garinsu ya gaida iyaye, ya halarci biki ko ta'aziyya, ya leƙa gona, sa'an nan ya dawo bakin aiki ba. Wanda Allah ya hore wa abin hannu kuwa sai ya nufi Umra, ko Misira, ko Dubai. Da wuya ƙwarai a sami wanda zai ɗebi iyalinsa takanas ya tafi wani gari na ƙasar Hausa don kawai su ga abin da ke can. Ba kuwa don Bahaushe bai san tafiya ba ne. Fatauci ya kai shi Gwanja da Tarabulus, neman ilimi ya kai shi Barno da Agadas, cin rani ya kai shi kurmi, aikin hajji ya kai shi Makka a ƙafa tun kafin a san jirgi. Sai dai duk waɗannan tafiye-tafiye ne na neman wani abu. Tafiyar da ake yi don kallo da hutawa, watau abin da ake kira yawon buɗe ido, ita ce ba ta zauna da gindinta ba tukuna, ko da yake karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ta daɗe a bakin mutane.

Abin da za a duba a nan shi ne yankin Sabon Birni da Isa, a gabashin Jihar Sakkwato, daf da iyakar Jamhuriyar Nijar: me ke akwai a can wanda ya isa a yi tattaki dominsa, me baƙo zai yi in ya je, kuma me ya sa zuwan ya gagara a 'yan shekarun nan.

Tun da fari ya kamata a faɗi gaskiya. Wanda ke neman teku ko dogayen duwatsu ba zai same su a Gobir ba. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, mai jigawa da faƙo da ƙayoyi, wadda zafinta a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Arzikinta na kallo yana ga gulbi, da kufai, da mutanen da ke zaune tsakaninsu.

Gulbi da Fadama

A wannan yanki ne manyan ruwaye suke gamuwa. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya tsallaka cikin Nijar, ya ratsa ta gefen Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya sake karyo kwana ya dawo Nijeriya ta wajen Sabon Birni. Bunsuru da Gagare kuma suna gangarowa daga kudu, ta ƙasar Zamfara. Haɗuwarsu ita ta haifi Gulbin Rima, wanda ya miƙa ya bi ta Goronyo da Wurno da Sakkwato, ya wuce Argungu da Birnin Kabi, har ya faɗa Kwara. Duk wanda ya fahimci wannan taswira ya fahimci rabin tarihin Gobir, domin kuwa yawancin yaƙe-yaƙen da aka yi a nan, a kan wa zai mallaki fadamar gulbin aka yi su.

Lokacin da ya fi dacewa da baƙo shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, ruwa ya janye, hunturu ya sauko. A sa'an nan tudu ya bushe ya yi fari fat, amma da an gangara fadama sai a iske kore shar: shinkafa, da albasa, da rake, da dankali, da tattasai, da alkama a wasu wurare. Tafkunan da ambaliya ta bari suna cike da kifi da tsuntsaye, har da waɗanda ke gudo wa sanyin Turai su yi hunturu a nan. Sarkawa da sauran masunta suna da ranakun su, inda gari guda zai faɗa tafki da homa da gora a lokaci ɗaya. Irin wannan su ɗin ne aka ƙawata a Argungu tun daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, har hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016. Gulbin ɗaya ne, sana'ar ɗaya ce. Bambancin kawai shi ne na Argungu an yi masa rana da rumfa da masauki, na sama kuwa an bar shi yadda aka gaje shi. Akwai kuma madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama gininta a 1984, mai faɗin da ya isa a yi wasan kwale-kwale a kai, ko da yake mutanen da ke ƙasa da ita sun fi tunawa da ita saboda ambaliyar 2010.

Alƙalawa

In da za a ce baƙo ya zaɓi wuri ɗaya tak a duk yankin, to Alƙalawa ne. Kufai ne a bakin Gulbin Rima, cikin ƙasar Sabon Birni ta yau, kuma mai wucewa da bai sani ba zai ɗauka gonaki ne kurum da 'yan tuddai. Alhali a rabin ƙarshe na ƙarni na 18 babu birnin da ake shakka a yammacin ƙasar Hausa kamarsa.

Gobirawa ba a nan suka faro ba. Labarin da suka gada ya nuna daga Azbin suka gangaro kudu sannu a hankali, suka yi zama a wurare da dama, ciki har da Birnin Lalle wanda ke cikin Nijar a yanzu. Da suka iso kwarin Rima, ƙasar ta Zamfarawa ce, kuma da izinin Sarkin Zamfara suka sauka a matsayin baƙi. An ce filin da aka ba su na Alƙalin Zamfara ne, daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. Ba a daɗe ba baƙo ya fi ƙarfin mai gida. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara a wajen 1762, ya mai da Alƙalawa babban birninsa, ya kewaye shi da ganuwa. Ɗansa Bawa Jan Gwarzo, wanda ya hau gado a wajen 1777, shi ne ya kai sunan Gobir inda bai taɓa kaiwa ba, har ya zama in an ambaci jaruntaka a ƙasar Hausa sunansa ke fara zuwa baki. Ba banza aka yi wa ƙasar kirari da gidan faɗa ba.

A zamanin Bawa ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya yi suna da wa'azi. Haɗuwarsu a Magami ranar Babbar Salla, wajen 1788, tana cikin abubuwan da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Sarki ya tara malaman ƙasarsa ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi a ba shi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki 'yan sarƙa, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Magadansa ne, Nafata da Yunfa, suka ga jama'ar Shehu ta zama hukuma a cikin hukuma, suka nemi taka mata birki. Daga nan aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tafkin Kwato a watan Yuni na shekarar.

Abin da littattafan makaranta sukan tsallake shi ne Alƙalawa bai faɗi da sauƙi ba. A ƙarshen 1804 ɗin nan, a Tsuntsuwa kusa da birnin, Gobirawa da Azbinawa suka yi wa jama'ar Shehu ɓarna mai tsanani, aka rasa mahaddata Alƙur'ani da yawa. An kai wa birnin hari ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, ganuwar ta tsaya. Sai a watan Oktoba na 1808 rundunar da Muhammadu Bello ya jagoranta, tare da su Ali Jeɗo da Namoda, ta shiga, aka kashe Yunfa. Shekara huɗu da 'yan watanni ke nan daga hijira.

Mai ziyara a yau zai ga sauran ganuwa inda ruwa da garma ba su cinye ba, da kasake birjik a cikin gonaki, da maƙabartar da mutanen wurin ke nunawa a matsayin makwancin Bawa da wasu sarakuna, da kuma wani tafki da suke kira Tafkin Kanu, wanda suka ce a nan ake zubar da kawunan waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Waɗannan ba su kai ganuwar Kano ko kufan Surame na Kanta cika ido ba, kuma wanda ya je ba tare da mai ba da labari ba zai komo yana cewa bai ga kome ba. Darajar wurin tana ga abin da mutum ya sani kafin ya taka shi. Wanda ya karanta Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ko binciken digirin da marigayi Abdullahi Rafi Augi ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1984 kan Gobir da kwarin Rima, in ya tsaya a kan tudun ganuwar ya dubi gulbi a gefe guda da fili a ɗaya gefen, nan take zai gane dalilin da ya sa dawaki suka kasa birnin shekara huɗu.

A nan akwai wani abu da ya kamata masu shirya irin wannan ziyara su lura da shi. Alƙalawa wuri ne mai labari biyu. Ga zuriyar masu jihadi, nan ne aka kammala nasara. Ga Bagobiri kuwa, nan ne gidan kakanninsa ya rushe. Dukansu Musulmi ne, maƙwabtan juna, sun yi auratayya shekara ɗari biyu. Mai rakiyar baƙi da ya iya faɗin labarin nan ta yadda kowane ɓangare zai ji an yi masa adalci, ya fi allon sanarwa goma amfani.

Gari Biyu, Sarauta Ɗaya

Faɗuwar birni ba ta kawo ƙarshen Gobir ba. Gobirawa sun ci gaba da faɗa har zuwa yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Musulmi Bello ya karya haɗin gwiwarsu da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa, aka kashe Sarkin Gobir Ali. Waɗanda suka tsira suka ja arewa, suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Bayan shekara ashirin da wani abu saɓani ya shiga gidan sarautar, Ɗan Halima ya ɓalle ya dawo kwarin Rima, ya gina Sabon Birni a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866. Sunan garin kansa yana nuni ga tsohon birnin da aka rasa. Isa kuwa ribaɗi ne, watau garin tsaron iyaka na Daular Sakkwato, wanda aka danƙa wa zuriyar Bello don su sa ido a kan Gobirawa, kuma mai riƙe da shi ma Sarkin Gobir ake ce masa. Saboda haka a cikin tafiyar yini guda mutum yana iya gaida Sarkin Gobir fiye da ɗaya, kowanne da hujjarsa ta tarihi. Ɗalibin mulki da siyasa ba zai sami darasi a aji da ya fi wannan ba.

A fadar Isa ne Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, ya yi wa Sarkin Gobir Amadu kiɗan kotso har ya rasu a wajen 1960. Masana waƙar baka sun daɗe suna sa shi a sahun gaba na makaɗan fada, saboda zurfin Hausarsa da yadda yake gina ɗan waƙa kamar mai jera tubali, Bakandamiyarsa kuwa har yau ana rubuta kundin digiri a kanta. Abin mamaki shi ne mutum zai ji muryarsa a rediyo daga Kaduna har Yamai, amma ɗaliban da ke nazarinsa kaɗan ne suka taɓa ganin ƙofar fadar da ya tsaya ya yi waƙoƙin, ko hanyar da ya riƙa bi daga Tubali. A wasu ƙasashe gidan mawaƙi irin wannan shi kaɗai yana ciyar da gari.

Ga mai nazarin harshe kuma, kunne ma yana da nasa kallon. A nan ne zai ji ana cewa sunka zaka a maimakon suka zo, da yat tahi a maimakon ya tafi, da hwari a maimakon fari, da ɗiya a inda Bakano zai ce 'ya'ya. Zai ga dattawa masu tsagen Gobirci, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, wanda yanzu ya kusa ƙarewa ga yara. In ya yi sa'a akwai Bayarabe a kasuwa, zai ga wasan taubasantaka da ke tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kowa yana cewa ɗayan bawansa ne, a yi dariya a rabu. Bayan kaka akwai kokawa da dambe a dandali, Fulani suna da sharonsu, ranar Salla kuma akwai hawa. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda ke maƙwabtaka da Isa ta ɓangaren Zamfara, ta daɗe tana tara dabbobi da hatsi da fatake daga ƙasashen biyu.

Tsallaken Iyaka

Ziyarar Gobir ba ta cika sai an tsallaka. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, da aikin kafa turakun iyaka da aka yi daga 1906 zuwa 1908, su suka raba gida ɗaya biyu: Sabon Birni da Isa suka faɗo hannun Ingilishi, Tsibiri da Maraɗi suka tafi hannun Faransa. Wannan rabo ya sa wasu al'adun da suka dushe a kudu suka rayu a arewa, domin hukuncin Sakkwato bai taɓa zama a Tsibiri ba. A can ne har yanzu ake iya ganin cikakken tsarin fadar Gobir, da majalisar Tara masu zaɓen sarki, da Inna, wadda ke shugabantar mata da sha'anin bori, kuma take da matsayin da ba kowane basarake namiji ke da shi ba. A kwarin Maraɗi ne kuma aka san bikin buɗin daji, wanda ake yi da rani kafin a shiga farauta, inda ake duban abin da shekara za ta zo da shi. Malamai suna da ra'ayinsu a kan waɗannan abubuwa, kuma ra'ayin sananne ne. Amma mai son ya san irin duniyar da Shehu ya tashi ya yi wa wa'azi, a nan zai ga ɓurɓushinta da idonsa.

Maraɗi kanta Katsinawan da suka ƙi bin jihadi ne suka mai da ita mazauninsu a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Garin da ake gani yanzu a kan tudu ba shi ne na asali ba, ambaliyar 1945 ce ta rushe na cikin kwari aka ƙaura. Kudu da ita akwai tafkin Madarumfa, wurin tsuntsaye da masunta, wanda aka ce kaburburan waliyyai 99 ne suka kewaye shi, mutane suna zuwa ziyara. Wanda ya dace da lokacin gasar kokawa ta ƙasa, wadda Nijar ta fara a Tawa a 1975 kuma take zagayawa jiha jiha ana ba zakara takobi, zai ga yadda hukuma ke iya ɗaukar wasan dandali ta mai da shi abin da ƙasa duka ke tsayawa kallo.

Sai dai iyakar da a da ba ta wuce turke a cikin gona ba, yanzu ta yi nauyi. Nijeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, sa'an nan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS.

Dajin Gundumi

Tsakanin Isa da Sakkwato akwai dajin Gundumi. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa shi a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Wurno, kuma ya ba da labarin yadda ayarinsu ya yi yini da kwana yana tafiya ba zango, don tsoron mahara daga Gobir da Maraɗi, mutane da dabbobi suna faɗuwa saboda ƙishirwa da gajiya. Shekaru da yawa malamai suna karanta wa ɗalibai wannan labari a matsayin misalin zamanin da ya wuce. Yau direban da ke ɗaukar fasinja daga Sakkwato zuwa Isa ba ya bukatar a fassara masa shi.

Tun daga wajen 2018 ta'addancin 'yan bindiga da ya faro a Zamfara ya malalo gabashin Sakkwato. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a rana ɗaya a ƙauyukan Sabon Birni. A Satumbar 2021 hukuma ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, aka hana cin wasu kasuwanni. A Oktoban shekarar aka buɗe wa kasuwar Goronyo wuta, a Disamba kuma aka ƙone matafiya a cikin motarsu a kan hanyar Sabon Birni. Ƙauyuka da yawa sun koma biyan 'yan bindiga haraji kafin su yi noma ko girbi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Gidan Runji da sauran garuruwan jihar Maraɗi, suna gudun hijira a ƙasar da kakanninsu suka yi gudun hijira a cikinta bayan Gawakuke. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a kan hanya. Saboda haka babu mai hankalin da zai ce wa ɗalibi ko ma'aikaci ya ɗauki iyalinsa ya tafi Alƙalawa hutu a wannan hali. Wanda ya faɗi haka ya ɗauki alhaki.

To, in haka ne, mene ne amfanin maganar? Ana iya duban wani yanki mai suna Donigal a arewa maso yammacin tsibirin Ayalan. Shi ma ƙasar iyaka ce. Rabon tsibirin da aka yi a 1921 ya bar shi a cikin ƙasar kudu, alhali kusan duk iyakarsa ta tudu da Ayalan ta Arewa take, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya. Ƙasa ce ta duwatsu da gaɓar teku, mai wuyar noma, samarinta suna ƙaura zuwa Ingila da Amurka neman abinci, kuma rikicin da aka yi shekara talatin ana yi a maƙwabta ya sa baƙi suna ɗari-ɗari da yankin har zuwa sulhun 1998. Amma mutanen wurin ba su jira sulhu ba. Tun a 1967 wani limamin kirista a ƙauyen Gilenkolomkil ya sa aka gina 'yan ɗakuna irin na kakanni, aka tara kayan aikin gida da na gona na da a ciki. Makarantun hutu kuma suka riƙa karɓar yara daga birane suna kwana a gidajen manoma don su koyi harshen Ayalan daga bakin masu shi. Da zaman lafiya ya samu, gwamnati ta buɗe hanyar 'yan yawon buɗe ido ta bakin teku mai tsawon kimanin kilomita 2,500 a 2014, sai baƙi suka tarar akwai abin da aka adana musu. Gobir ba ta da teku, kuma masifar da ke kanta ta fi waccan muni ga talaka. Abin ɗauka kawai shi ne tsarin aikin: adanawa ta riga baƙi zuwa.

Ta wannan fuska kuwa lokaci yana ƙurewa. Ganuwar ƙasa tana iya jiran shekara goma, ko da yake kowace damina tana rage ta. Dattijon da ya san sunayen ƙofofin Alƙalawa, da tsohuwar da ta san kirarin kowace Inna, da makaɗin da ya yi amshi a bayan waɗanda suka yi amshi ga Narambaɗa, su ba za su jira ba. Da yawansu ma ba sa ƙauyukansu. Suna Sakkwato, ko cikin garin Isa da Sabon Birni, ko Maraɗi, a gidajen 'yan'uwa da sansanonin gudun hijira, inda ɗalibi zai iya isa gare su ba tare da ya ratsa Gundumi ba. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi a yau ta fi rikodar da masu binciken shekarun 1970 suka yi aiki da ita kyau nesa ba kusa ba. Sassan Hausa da na tarihi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, suna da wurin ajiya da masu iya tantancewa. Ma'aikacin ƙaramar hukuma ko na ma'aikatar filaye shi ma yana da abin yi daga kan teburinsa, domin hotunan tauraron ɗan'adam suna nuna zagayen tsofaffin ganuwoyi, kuma shata iyakar kufai a takarda, don kada a raba shi gonaki ko fuloti, ba ya bukatar rakiyar soja.

Akwai kuma sassan wannan tarihi da ke kusa da Sakkwato. Hubbaren Shehu yana tsakiyar birni, kabarin Bello yana Wurno, Ɗegel tana ƙasar Gwadabawa. Ko waɗannan ma, ban da na cikin birni, sai an tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki a makon da za a tafi, a fita da hantsi, a komo kafin la'asar.